Santimita ɗayar Duplantis ba haɗama ba ce

Ranar 15 ga Satumban 2025, a babban filin wasa na Tokiyo, a gasar cin kofin duniya ta guje-guje da tsalle-tsalle, Armand Duplantis ya tsallake mita 6.30 da sandarsa, ya ci zinare. Karo na 14 ke nan da ya kafa sabon tarihin duniya a tsallen sanda, kuma a kowane karo santimita ɗaya tak yake ƙarawa, abin da bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Wannan ne ya sa wasu ke cewa yaron ɗan kasuwa ne kawai: zai iya ɗaga karan da santimita biyar ko goma a rana guda, amma ya gwammace ya riƙa gutsura bajintarsa kaɗan-kaɗan don ya karɓi lada sau da yawa. Ban musa cewa akwai lissafin kuɗi a ciki ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a kira wannan lissafi abin kunya.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, ga yadda yake. Ɗan wasa zai taho a guje riƙe da doguwar sanda mai lanƙwasa, wadda a hannun manyan 'yan wasa takan kai mita 5 ko fiye. Zai cake bakinta a wani ɗan rami, ta tanƙware, sannan ta miƙe ta cilla shi sama ƙafafu a gaba, ya haye wani kara da aka gitta, ya faɗo kan katifa. Mita 6.30 kusan tsayin bene mai hawa ɗaya ne. Dama uku ake ba mutum a kowane tsayi, kuma idan abokan hamayya suka faɗi ya rage shi kaɗai, shi ne zai faɗi inda za a sa masa karan. Ko da ya wuce karan da tazarar taƙi guda, tsayin karan kawai za a rubuta masa.

A nan ne tsallen sanda ya bambanta da dogon tsalle. A 1968, a birnin Meziko, Bob Beamon ya yi tsallen mita 8.90, ya zarce tarihin da ke akwai da santimita 55 a lokaci ɗaya, kuma ba a goge shi ba sai a 1991. Beamon ba shi da zaɓi, inda ƙafarsa ta sauka nan aka auna. Mai tsallen sanda kuwa dokar wasan ce da kanta ta ba shi zaɓi. Sergey Bubka, wanda ya fara haye mita 6 a birnin Faris a 1985, ya kafa tarihi sau 35 a fili da cikin zaure, galibi da irin wannan ƙari na santimita ɗaya. Yelena Isinbayeva ta yi sau 28 a ɓangaren mata. Duplantis ya tarar da hanyar ne a share.

An haife shi a 1999 a garin Lafayette da ke jihar Louisiana a Amurka. Mahaifinsa Greg tsohon mai tsallen sanda ne da ya taɓa haye mita 5.80, mahaifiyarsa Helena kuma 'yar Suwidin ce da ta yi wasannin guje-guje da tsalle-tsalle. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A bayan gidansu aka kafa wurin tsalle, yana ɗan ƙanƙane ya fara riƙe sanda, kuma iyayen nasa ne suka horar da shi har ya zama abin da ya zama. Ya zaɓi ya wakilci ƙasar mahaifiyarsa. Yana da shekara 18 ya ci gasar Turai a Balin da mita 6.05. A Fabrairun 2020, a garin Torun na ƙasar Folan, ya haye mita 6.17 ya goge tarihin Renaud Lavillenie na Faransa, bayan mako guda ya ƙara santimita ɗaya a Glasgow. Zinaren Olamfik biyu suka biyo baya, na Tokiyo da na Faris.

To, nawa ake magana a kai? A gasar cin kofin duniya ta guje-guje da tsalle-tsalle, wanda ya ci zinare yana karɓar dala 70,000, wanda ya kafa tarihin duniya kuma ana ƙara masa dala 100,000. Wato daren nan na Tokiyo ya kawo wa Duplantis dala 170,000. 'Yan Najeriya sun san wannan lada, domin ranar 24 ga Yulin 2022, a gasar duniya da aka yi a garin Eugene na Amurka, ranar da ya haye mita 6.21, ita ce ranar da Tobi Amusan ta yi gudun tsallake shinge na mita 100 cikin daƙiƙa 12.12 ta kafa nata tarihin. A Olamfik ta Faris a 2024 ne hukumar wasan ta duniya ta fara biyan dala 50,000 ga masu zinare, kafin nan babu ko sisi daga gare ta. Sai kuma abin da yake samu daga kamfanonin da yake yi wa talla, irin su Puma da Red Bull.

Kuɗi ne masu yawa a idon talaka, ba shakka. Amma a tuna wane ne ake magana a kansa: mutumin da babu kamarsa a tarihin sana'arsa. Abin da ya samu a daren da ya fi kowane dare a rayuwarsa, akwai 'yan ƙwallon Firimiyar Ingila da ke karɓar fiye da shi duk mako, ko sun buga ko suna benci. Shi kuma kullum yana juya kai ƙasa a tsayin bene, dogaro da sandar da kan iya karyewa, kuma rauni ɗaya a gwiwa ko agara ya isa ya rufe masa kasuwa. Mutumin da shekarun cin abincinsa ƙidayayyu ne, aka ce masa ga lada duk lokacin da ya ƙara ko da santimita ɗaya ce, don me zai zubar da lada tara ya karɓi ɗaya? Manomin da ya ƙi kai duk hatsinsa kasuwa ranar girbi, ba mu ce masa mai haɗama.

Akwai kuma abin da masu sukar ke mantawa. Suna magana kamar santimitar nan a aljihunsa take, sai ya ga dama ya zaro. A Olamfik ta Faris, mita 6.25 sai a yunƙuri na uku ya haye. A Tokiyo, mita 6.30 ma sai a na uku, bayan ya zubar da karan sau biyu. Sau da dama ya sa karan a sabon tsayi a wasu gasanni ya tashi hannu rabbana. Iska, gajiya, da ɗan kuskuren taku ɗaya duk suna iya ɓata tsallen.

Hujja ɗaya ce ta masu sukar nake ɗauka da nauyi. Har yau masana wasan na tambayar ko duniya ta ga iyakar Bubka, domin ya tsaya a mita 6.15 a 1993, alhali an sha ganinsa yana wuce karan da tazara mai yawa a shekarun ganiyarsa. Mai tafiya santimita-santimita na iya tsufa kafin ya isa inda ƙarfinsa ya kai. Wannan asara ce ta gaske ga masu son wasan, kuma ni ma ina jin ta. Sai dai wanda ya kamata a tuhuma shi ne tsarin da ke biyan ɗan wasa da kyau kawai idan ya yi abin da ba a taɓa yi ba.

Tsarin nan ya fi cutar waɗanda ke ƙasa da shi. A gasar duniya, wanda ya zo na takwas dala 5,000 yake samu, na tara kuma ya koma gida hannu wofi, bayan ya shekara yana atisaye, yana sayen sanduna masu tsada, yana fama da kamfanonin jiragen sama kan yadda za a loda masa kaya mai tsayin mita 5. Emmanouil Karalis na Girka ya haye mita 6 cif a Tokiyo, tsayin da ya isa cin zinare a gasanni da yawa na baya, ya zo na biyu, ya karɓi dala 35,000, wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da Duplantis ya tafi da shi a daren.