Nasiha Ga Masu Tseren Mota A Kan Titin Jama'a

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Wannan nasiha ce ga 'yan'uwana matasa masu sha'awar mota, musamman waɗanda sha'awar ta kai su ga yin tsere a kan titin da jama'a suke bi, da kuma waɗanda suke jeruwa a gefe suna ɗauka a waya suna yi musu kirari. Ban rubuta ta don na raina abin da kuke so ba. Na san daɗin da mutum yake ji idan ya tayar da inji mai lafiya, ya taka totur ya ji motar tana amsa masa yadda yake so. Allah Maɗaukaki da kansa ya lissafa abin hawa cikin ni'imominsa a Suratun Nahli, aya ta 8, inda ya ce ya halicci dawakai da alfadarai da jakuna domin mu hau su, kuma domin ado, sannan ya ƙara da cewa yana halittar abin da ba mu sani ba. Ke nan son abin hawa mai kyau da kula da shi ba laifi ba ne.

Shi kansa tsere yana da asali a Sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tseren dawakai a Madina. Waɗanda aka horar suka tashi daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma aka rage musu nisa, suka tashi daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. A dubi yadda aka tsara abin: an san mafari, an san maƙura, an raba dawakai gwargwadon ƙarfinsu, kuma shugaban al'umma ne da kansa ya ba da izini. Wanda yake son kafa hujja da wannan hadisi, sai ya ɗauke shi tare da tsarinsa. Shi Annabin da ya shirya wannan tsere shi ne kuma, ranar da aka sauko daga Arfa, ya ji mutane a bayansa suna tsawa suna dukan raƙuma, ya yi musu nuni da bulalarsa ya ce: “Ya ku mutane, ku natsu, domin aikin alheri ba ya cikin gaggawar tafiya.” Wurin ya cika da jama'a, saboda haka gudun da ya halatta a fili ya zama abin hani a kan hanya.

Akwai wani hadisin da nake so kowane direba ya haddace. Abu Musa al-Ash'ari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci duk wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa ɗauke da kibau da ya riƙe tsininsu da hannunsa, don kada ya ji wa wani Musulmi ciwo. Kibiya ce fa wadda ba a harba ba, tana hannun mai ita, amma aka ce ya dafe bakinta saboda yana cikin mutane. To yaya hukuncin wanda ya ɗauki ƙarfe mai nauyin fiye da tan ɗaya, ya sake shi a guje a tsakanin gidajen jama'a?

Bari mu ɗan tsaya a kan abin da gudu yake yi, domin da yawa daga cikin masu tseren suna kallon allurar maleji ne kawai, ba su lissafa abin da take nufi a kan kwalta. Motar da take gudun kilomita 150 a sa'a tana cin kusan mita 42 a cikin sakan ɗaya. Direba mai cikakkiyar natsuwa yana buƙatar kamar sakan ɗaya ko fiye tsakanin ganin abu da ɗora ƙafa a kan birki, wato kafin birkin ya fara aiki motar ta riga ta shafe wannan tazara duka. Sannan idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo da nisan da ake buƙata kafin mota ta tsaya suna ninkawa ne sau huɗu. Wanda ya daki bango yana gudun kilomita 50 kamar ya faɗo ne daga tsayin mita 10, wanda ya dake shi yana gudun 100 kuwa kamar ya faɗo daga kusan mita 40. Wannan ƙa'ida ce da Allah ya gina halitta a kanta, kuma ba ta sassauta wa mutum don yana da ƙwarewa ko don motarsa sabuwa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, cewa shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, wato waɗanda ba su da ƙarfen da zai kare jikinsu.

Na sha jin ana cewa, “Ni na iya hannuna, wanda bai ƙware ba shi ne yake kifewa.” Ɗan'uwa, a duniyar tsere ba a yi mutane da yawa da suka kai Ayrton Senna iya tuƙi ba, ya lashe kambun duniya sau uku, amma ya rasu sakamakon haɗari a filin tsere na Imola da ke Italiya ranar 1 ga Mayu, 1994. A gasar Le Mans ta Faransa a 1955 mota ɗaya ta yi tsalle ta tarwatse a cikin 'yan kallo, fiye da mutum 80 suka mutu. Irin waɗannan musibu ne suka sa masu wannan sana'a suka yi ta ƙara matakan kariya shekara bayan shekara. Shi ya sa a 2020 a Bahrain, da motar Romain Grosjean ta daki shinge ta rabe gida biyu ta kama da wuta, ya fito da ransa bayan kusan rabin minti, da ƙuna a hannuwansa. Yana sanye da kayan da ba su saurin cin wuta, akwai ƙarfen kariya a saman kansa, masu kashe gobara suna kusa, motar likita kuma tana biye da su. Duk motocin suna fuskantar gefe ɗaya, babu mai tsallakawa, babu babbar mota da ta lalace aka bar ta ba fitila. Kai da kake kwaikwayonsu da tsakar dare, wanne ne kake da shi a cikin waɗannan? Gudun kawai ka ɗauko, ka bar duk abin da yake tsare rayukansu.

Hujjar da ta fi tayar mini da hankali ita ce wadda ake sanya wa rigar addini, a ce ai kwana idan bai ƙare ba babu abin da zai faru, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne ajali yana hannun Allah, ba ya gaba ba ya baya. Amma Ubangijin da ya rubuta ajali shi ne ya ce a Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku da hannuwanku zuwa ga halaka, kuma ya ce a Nisa'i, aya ta 29, kada ku kashe kanku, lalle Allah mai jinƙai ne a gare ku. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ba za a tambaye ka ranar da aka rubuta maka mutuwa ba, abin da ka zaɓa ka aikata da hankalinka shi za a tambaye ka.

Kuma ko da a ce ranka mallakarka ne, alhali amana ne aka ba ka, ai ba shi kaɗai kake sanyawa a caca ba. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na yi wannan rubutu. Kai da abokin tserenka kun yarda da haɗarin. Ma'aikacin da ya tashi daga aikin dare yana komawa gida bai yarda ba, mai ɗauke da matarsa zuwa asibiti bai yarda ba, tsohon da yake tsallakawa a hankali don gwiwarsa tana ciwo shi ma ba wanda ya shawarce shi. Na taɓa zuwa duba wani magidanci da irin wannan tsere ya rutsa da shi yana kan babur ɗinsa. Bai mutu ba, lakarsa ce ta taɓu. Na tarar da matarsa da babban ɗansa, yaro ɗan kimanin shekara goma sha huɗu, suna ƙoƙarin juya shi a kan katifa don kada bayansa ya yi gyambo, kuma haka suke yi dare da rana. Yaron ya riƙe ƙafafun mahaifinsa da hannu biyu yana kawar da kai don kada a ga idonsa. Mutumin bai zagi kowa ba, abin da ya ce mini kawai shi ne bai ma ga motar ba, ƙararta kaɗai ya ji. Har yau idan na ji an taka mota tana kuka da daddare, wannan ɗakin nake tunawa.

Manzon Allah (SAW) ya ce farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar alƙiyama shi ne jini. Haƙƙin Allah ana fatan yafiyarsa da tuba ta gaskiya, amma haƙƙin bawa yana nan a rataye har sai mai shi ya yafe. Ko ba a kai ga jini ba, Abu Dawuda ya ruwaito cewa bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba, to ina ga wanda ya huda salansa da gangan, ya tashi jariri da majinyaci daga barci, ya sa mai tafiya a gefen hanya ya faɗa kwata saboda tsoro? Luƙman ya haɗa wa ɗansa abubuwan nan biyu a wasiyya ɗaya, a aya ta 19 ta surar da take ɗauke da sunansa: ka tsakaita tafiyarka, kuma ka sassauta muryarka. Idan kuma an sa kuɗi a kan wanda zai riga isa, to an ƙara caca a kan ganganci.

Kada wani ya ce dokar hanya ta hukuma ce kawai, babu ruwan addini da ita. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Brunei, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin biyayya ce ga shugabanni a cikin abin da yake tsare rayuka da dukiya. Su ma waɗanda ba su hukunci da littafinmu sun kai ga gane cewa wannan aiki ya wuce a kira shi tsautsayi. A watan Fabrairun 2016 wasu samari biyu suka yi tsere a tsakiyar birnin Berlin, suna keta jar danja da gudun da ya kai kilomita 160, ɗayansu ya daki motar wani dattijo mai shekara 69 wanda danja ta ba shi hannu, ya mutu nan take. Kotu ta kama direban da laifin kisan kai, ta yanke masa ɗaurin rai da rai, kuma a 2017 Jamus ta mayar da shiga irin wannan tsere babban laifi ko da ba a taɓa kowa ba.

Ku kuma 'yan kallo, ku ji tsoron Allah. Yawancin waɗannan yara ba za su yi abin da suke yi ba in da babu mai kallo. Tafinku da bidiyon da kuke yaɗawa su ne man da yake tura motar, kuma Allah ya hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka a Ma'ida, aya ta 2. Haka uban da ya miƙa wa yaro makullin mota mai ƙarfi, ya ga tayoyi suna cinyewa a 'yan makonni bai tambaya ba, da bakaniken da ya san abin da za a je a yi amma ya ƙara wa injin wuta, kowa yana da kasonsa.

Wanda sha'awar gudu ta zauna masa a rai da gaske, akwai hanyar da ba ta bi ta kan rayukan mutane. A 1951 wani mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar masu tseren mota ta NHRA a Amurka da nufin janye matasa masu tsere daga tituna zuwa filayen da aka killace, inda ake duba mota kafin ta shiga, ake tilasta hular kwano da bel, motar asibiti kuma tana tsaye. Ku haɗa kai ku nemi irin wannan fili da izinin hukuma. Idan bai samu ba, haƙuri ya zama dole, domin rashin fili ba ya mayar da titin jama'a naku.

Saura kai da abin ya riga ya faru a hannunka, ka buge mutum ka tsere cikin duhu, ko aka rufe maganar don kana da masu tsaya maka. Na san akwai irinka cikin masu karanta wannan, kuma na san ba ka samun barci yadda kake nunawa. Ƙofar tuba a buɗe take, amma tana da sharuɗɗa. Suratun Nisa'i, aya ta 92, ta ɗora wa wanda ya yi kisa bisa kuskure diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa idan sun yafe, da kaffarar 'yanta wuya, wanda bai samu ba kuma ya yi azumin wata biyu a jere. Ka je wurin malamin da ka amince da iliminsa, ka faɗa masa yadda abin ya faru ba tare da ragi ba, har da gudun da kake yi da dalilin da ya sa kake yin sa, domin hukuncin yana bin gaskiyar labarin. Sannan ka nemi iyalan mutumin. Idan yana raye yana jinya, ka ɗauki nauyin maganinsa gwargwadon ikonka, ka zauna a gabansa ka roƙe shi gafara da bakinka.