Kaka Ba Ta Warwara

KAKA: Miƙo min baƙin zaren can.

JIKA: Kaka, mai koyo ba ya farawa da baƙi. Idon saƙa, wato kowane ƙulli da kika yi, ba ya fitowa a jikinsa, sai ki yi ta lalube. Ga mai haske nan, mai santsi, matsakaicin kauri, wanda aka buga wa lamba 4 a takardarsa. Kwarashin kuma mai milimita 5.

KAKA: Wa ke koyo? Tun uwarki ba ta san damanta da hagunta ba nake saƙa.

(An bincika. Ta taɓa riƙe wa wata maƙwabciya dunƙulen zare tana saƙa, daga nan tarihin ya samo asali.)

JIKA: To ga tabaranki.

KAKA: Idona garau, ja'ira.

Ta jujjuya baƙin zaren, ta kai shi dab da hanci, ta nisanta shi, sannan ta ajiye ta ce ai na jabu ne. Ta jawo mai hasken ba tare da ta dubi kowa ba.

JIKA: Zarge za ki fara yi. Ki bar jela kamar santimita 15, ki yi zobe, ki zaro zaren da ke zuwa daga dunƙule ta cikinsa, ki rataya a kwarashi ki ja a hankali. A hankali, Kaka! Ba akuya za ki ɗaure ba. Zoben ya riƙa zamewa gaba da baya.

KAKA: Abin da aka ɗaure da kyau ba ya kunyata mai shi.

JIKA: Yanzu sarƙa. Ki naɗo zare a kan kwarashi daga baya zuwa gaba, ki jawo shi ta cikin zoben. Ɗaya ke nan. Ki yi 11. Amma zoben da ke kan kwarashi ba a ƙirga shi.

KAKA: Laifin me ya yi? Shi da ya fi kowa shan wahala?

JIKA: Bai zama ido ba tukuna.

KAKA: Haka kuke, 'yan zamani. Wanda ke ɗauke da nauyi shi ake mantawa.

Sarƙar ta fito a ƙanƙance, ta murɗe, ko allura ba za ta ratsa ta ba.

KAKA: Kwarashin nan ya kumbura.

JIKA: Ƙarfe ne, Kaka. Kina ƙulla zoben a wuyansa, inda ya sirance. Ki tura kowane zobe kan gangar jikin, can ne kaurin milimita 5 ɗin yake, shi ke ba ido girmansa. In hannunki mai tsauri ne, ki yi sarƙar da mai milimita 6, sannan ki dawo kan 5. In ba haka ba gindin saƙar zai tsuke, sama ta buɗe, abu ya lanƙwashe.

KAKA: Hannuna ne mai tsauri? Hannun da ya yi miki wanka?

JIKA: Shi ɗin fa. Har yau ina tunawa.

An sake sarƙa. Kaka ta ce ba sakewa ta yi ba, ta farkon gwaji ce.

JIKA: Ga gajeriyar saƙa, wadda ake ce wa singil. Ki tsallake sarƙar da ke dab da kwarashi, ki soka a ta biyu. Naɗo zare ki jawo, zobe biyu ke nan a kan kwarashi. Sake naɗowa, ki jawo ta cikin duka biyun. Haka har ƙarshe, za ki samu ido 10.

KAKA: Na ba da 11, a dawo min da 10? Wa ya ci ɗaya?

JIKA: Shi ne tsayin layin. In kin kai ƙarshe ki yi sarƙa ɗaya, ki juya saƙar, ki soka a idon farko. Kowane ido yana da silin zare biyu a kansa, ki bi ta ƙarƙashinsu duka. Kuma ki ƙirga bayan kowane layi.

KAKA: Ƙirge na kore albarka.

JIKA: To ki ɗaura guntun zare mai wata kala a idon farko na kowane layi. In kin juyo, shi ne zai zama na ƙarshe, kuma shi ne mai ɓuya, don yana kwantawa gefe.

KAKA: Ba na sa wa saƙata tsumma.

Layi na biyu ya fito da ido 9. Na uku 8. Jika na ƙirgawa a zuci, leɓenta na motsi, Kaka na harararta.

JIKA: Kaka, mayafin nan yana ramewa.

KAKA: Wa ya ce miki mayafi ne? Hula ce. Hula ai sama take tsukewa.

JIKA: Ɗazu kika ce mayafi.

KAKA: Ɗazu ɗazu ne.

JIKA: Layi biyu kawai za ki warware. Ki zare kwarashi, ki ja zaren, ki mayar da kwarashin cikin zoben da ya rage.

KAKA: Ni? Warwara? A gidanmu gaba muke yi.

Ana cikin haka Kawu ya shigo, waya a hannu. Kawu bai taɓa riƙe kwarashi ba, saboda haka ra'ayinsa a kan saƙa yana da ƙarfi sosai.

KAWU: Har yanzu kuna nan? Na ga wata a bidiyo, minti biyar ta gama bargo.

JIKA: Kawu, minti uku na farko gaisuwa ce da roƙon a danna mata alama. In an zo wurin da ake soka kwarashin, babban yatsanta ya rufe shi ruf, sai ka ji ta ce ka ga yadda yake da sauƙi.

(A nan Jika ta yi gaskiya, kuma duk wanda ya taɓa mayar da bidiyo baya sau takwas don ya ga ido ɗaya zai shaida.)

KAWU: To ita dabul ta ce a yi. Wannan ƙaramin abin da kuke yi ɓata lokaci ne.

JIKA: 'Yar wace ƙasa ce? Abin da Amurka ke kira singil, shi Ingila ke kira dabul. Dabul ɗin Amurka kuma a Ingila tirebul ne. In ka ga singil a tsarin saƙa, to na Amurka ne, don Ingila ba su da shi. In ka haɗa su, abin da ka saƙa zai fito ninki a tsayi ko rabi.

KAWU: Dama abin da nake shirin faɗa ke nan.

KAKA: Nuna min dogon. Ba don ban sani ba, don kawunki ya ƙaru.

JIKA: Sarƙa uku a farkon layi, su ne a madadin idon farko, don haka ki tsallake shi. Ki naɗo zare tun kafin ki soka. Soka, naɗo, jawo: zobe uku. Naɗo ki ratsa biyu. Sake naɗowa ki ratsa biyun da suka rage. In kin dawo layi na gaba, idon ƙarshe a kan sarƙa ukun nan ake yin sa, nan mutane ke zubar da ido.

Kaka ta naɗo, ta soka, ta jawo, sannan ta fizgi zaren ta cikin zobe ukun gaba ɗaya.

JIKA: Wannan rabin dabul kika yi. Shi ma saƙa ce mai kyau, ta fi singil tsayi, ba ta kai dabul ba. Sarƙa biyu ake yi mata a farkon layi.

KAKA: Ba rabin kowa ba ce. Tawa ce, yanzu na ƙirƙiro ta.

JIKA: Kaka, tana cikin kowane littafin koyo.

KAKA: Ka ji ɓarayi! Har sun buga?

KAWU: Inna, sai an bi miki haƙƙinki.

Saƙa ta ci gaba da hawa tana sirancewa. A ido 5 Kaka ta ce safar jariri ce. A ido 3 ta ce jaririn bakwaini ne. Da ya rage ido ɗaya tilo, ta ɗaga abin sama, mai kusurwa uku, gefe ɗaya ya fi ɗaya gangara.

KAKA: Alhamdulillahi. Daidai yadda na tsara.

JIKA: To a rufe. Ki yanke zaren ki bar santimita 15, ki jawo jelar ta cikin zoben ƙarshe ki ja. Sai a sa jelar a allura mai dakusasshen baki, a ɓoye ta cikin idanun ta baya. In ba a rufe ba, ja ɗaya zai kwance komai.

KAKA: In yanke lafiyayyen zare? Almubazzaranci.

Ta zare kwarashi, ta miƙa wa Kawu.

KAKA: Ungo. Na aljihun gaba ne, irin na manyan mutane. Ka fita da shi a gani.

KAWU: Inna, ai ni rigata ba ta da…

KAKA: Nonon da ka sha fa?

Kawu ya karɓa. Ya nufi ƙofa da saƙa a hannu, dunƙulen zare kuwa yana ƙarƙashin cinyar Kaka. Kafin ya kai bakin ƙofa safa ta tafi, hula ta bi ta, abin da ya rage a hannunsa sarƙa 11 ce da jela.

KAKA: Ku shaida, ba ni na warware ba.

JIKA: Mun shaida.

KAKA: Yaron nan tun yana ƙarami ɓarna gare shi. Maido min. Ke kuma, a ta nawa kika ce ake sokawa?

JIKA: Ta biyu.

KAKA: Na sani. Gwada ki nake yi. Yanko min guntun jan zaren can in ɗaura a gefe.

JIKA: Alamar da na ce?

KAKA: Ado ne.