Sabo a Panteka, tsoho a idon doka

Maƙera da masu gyaran lantarki a kasuwar Panteka ta Kaduna sukan ɗauka cewa duk wanda ya ƙera mahaɗin wayar lantarki da ba a taɓa ganin irinsa a gari ba ya cancanci takardar mallakar ƙirƙira. Ba haka abin yake ba. Dokar Najeriya ta 1970 tana auna sabuntar ƙira da duk abin da aka riga aka bayyana wa jama'a a ko'ina a duniya, ko da tsohon zane ne da aka buga a Jamus.

A Amurka, jami'in bincike yakan gwada abin da mai ƙira ya ce nasa ne da tsofaffin takardu gaɓa-gaɓa, ya duba yadda ƙarfen ke damƙe waya da yadda murfin ke kullewa. Sauya launi ko girma kaɗai ba ya wadatarwa.

A Abuja kuwa, magatakardan ofishin rajistar ƙirƙira cikar takardu kawai yake dubawa, ba sabuntar ƙirar ba, don haka kariyar shekara 20 da aka samu tana iya rushewa a Babbar Kotun Tarayya. Shi ya sa nake roƙon maƙeranmu su bincika rumbun intanet na WIPO, wato hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, kuma kada su baje ƙirarsu a kasuwa kafin su shigar da buƙata.