Ku daina ce wa Sheetal Devi "Allah sarki"

Duk lokacin da bidiyon yarinyar nan 'yar Indiya mai harbin kibiya da ƙafa ya sake zagayowa a Facebook, magana ɗaya ce ke cika ƙasansa: "Allah sarki", "kai mai hannu biyu me ka tsinana?" An mayar da ita abin wa'azi, amma da wuya ka ga wanda ya tambayi maki nawa ta ci. Ni dai abin yana sosa mini rai.

To ga makin. A zagayen share fage na gasar Paralympics, wato Olympics ta nakasassu, da aka yi a Paris a 2024, Sheetal, wadda aka haifa babu hannuwa, tana da shekara 17, ta harba kibiya 72 daga nisan mita 50. Da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta santimita 8 ne kacal, bai kai tafin hannunka ba. Ta tashi da 703 cikin 720. Wata 'yar Turkiyya, Öznur Cüre, ta fi ta da maki ɗaya tak.

Ku duba yadda take yi. Tana zaune a kujera, ta ɗauki kibiya da yatsun ƙafa ta ɗora a kan tsirkiya. Ta ɗaga bakan da ƙafar dama, ta sunkuya ta maƙala tsirkiyar a ƙugiyar da ke ɗaure a kafaɗarta, sannan ta miƙe ƙafar a hankali har bakan ya ja. Ƙafa ɗaya a sama, nauyi a kanta, kuma ba a yarda ta yi rawa ko kaɗan ba. Wannan horo ne na safe da yamma, da koci, da kayan aiki masu tsada. Tausayi ba ya kai kibiya tsakiyar allo.

Kuma ana kayar da ita, abin da masu raba bidiyon ba sa faɗa. A Paris ɗin, a zagayen karawar mutum biyu-biyu, wata 'yar Chile ta fitar da ita da maki 138 da 137. Tagullar da ta samu tare da Rakesh Kumar ne, a gasar mace da namiji. A 2025, a gasar harbin kibiya ta nakasassu ta duniya a Gwangju ta Koriya ta Kudu, ta rama, ta doke Öznur ɗin a wasan ƙarshe ta zama zakarar duniya.

Wani zai ce ai yabo ne ake yi mata. Yabon da bai san abokan karawarki ba, bai san ranar da kika faɗi ba, wane irin yabo ne? Ba mu yi wa 'yan ƙwallo haka. Su har kuskuren bugun fanareti muna kwana muna musu a kai.

Harbin kibiya ma shi ne tushen gasar Paralympics. A 1948 likita Ludwig Guttmann ya haɗa tsofaffin sojoji 16 masu raunin laka gasar harbi a asibitin Stoke Mandeville na Ingila. Matt Stutzman na Amurka, shi ma babu hannuwa, ya ci azurfa a Landan a 2012, sai da ya jira shekara 12 kafin zinare ya zo hannu, ko in ce ƙafa.