Akwatin Nawa Ne, Amma Mukullinsa Yana Hannun Wa?

Jama'a, ku ba ni aron hankalinku, rubutun yana da ɗan tsawo. Abin ya kwana biyu yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san ba ni kaɗai ya taɓa ba.

Ana saura wata 4 azumin bara na saya wa Babanmu akwatin kallo, irin ƙaramin baƙin nan da ake jona wa talabijin ya jawo tashoshi ta intanet. Tunda Baba ya yi ritaya, labarai da kallon Harami su ne abokan hirarsa. Dish ɗin gidan kuwa ya tsufa, da hadari ya haɗo sai hoto ya daskare. A wani shago a kasuwar Sabon Gari na sayi akwatin, naira 45,000, sabo dal a kwalinsa. Kafin na ƙirga kuɗi sai da na tambayi mai shagon har sau biyu: "Malam, akwai kuɗin wata?" Ya ce, "Yallaɓai, wannan sau ɗaya ake biya. Data kawai za ka riƙa sawa, ka yi ta kallo har ka gaji."

Akwatin ya yi aiki lafiya lau, har aka kai azumi 3. Makka ta riga mu da awa 2, saboda haka lokacin da muke shan ruwa a Kano su can sun shiga tarawihi. Baba yakan dawo daga sallar magariba ya zauna a kan darduma da kofin kununsa, ya saurari karatun liman kafin a kira isha. A ranar ya zauna kamar kullum, ƙanina ya kunna, sai ga baƙin allo da rubutun Turanci layi 2: wannan na'ura ba ta da izini, a tuntuɓi mai samar da sabis. Ba lambar waya, ba adireshi, ba sunan wanda za a tuntuɓa. Baba ya dubi allon, ya dube ni, ya ce, "Lalacewa ya yi?" Na ce a'a Baba, kulle shi aka yi. Ya ce, "Waye ya shigo gidan nan ya kulle shi?"

Har yau wannan tambayar ba ta bar kunnena ba, domin ita ce dukkan maganar.

A daren mun yi duk abin da aka saba. Mun zare wuta mun mayar. Mun canza batirin rimot. Mun haɗa shi da datar wayata ko matsalar daga layin gida ce. Daga ƙarshe na goge shi gaba ɗaya na mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, na rasa duk saitin da na yi wa Baba, rubutun nan kuma ya dawo daram. Sai daga baya na fahimci dalili, kuma shi nake so kowa ya gane kafin ya ƙona datarsa a banza. Kullen ba a cikin akwatin yake ba. Kowane akwati yana da lambarsa ta daban da aka yi shi da ita. Duk sanda ka kunna shi, kafin ya nuna maka komai sai ya aika wannan lamba ta intanet zuwa wata babbar kwamfuta a wata ƙasa. Ita za ta duba rajistarta. In lambar tana cikin waɗanda aka amince wa, ta buɗe. In an cire ta, shi ke nan. Ko sau 100 ka goge akwatin, lambarsa ba ta canzawa, rajistar kuma ba a ɗakinka take ba. Dokin naka ne, kai ka biya kuɗinsa, kai kake ba shi harawa, amma linzamin yana hannun mutumin da ba ka taɓa gani ba.

Washegari na kai wa wani yaro mai gyara. Yaron kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Yaya, zan iya yi masa filashin in ɗora masa wata manhaja, naira 5,000. Amma in ya mutu a hannuna babu ruwana, kuma in ya tashi ban san kwana nawa zai yi ba." Na tambaye shi daga ina manhajar take, ya ce a wani guruf ake turo musu. Nan na karɓi kayana. Akwatin nan a kan layin intanet ɗaya yake da wayoyin da muke buɗe asusun banki da su. A watan Yuni na 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0 da ake samu a irin waɗannan akwatunan Android masu araha, wasu tun kafin su isa hannun mai saye. Ba zan shigo da abin da ban san asalinsa ba cikin gidan mahaifina don in huce takaicin naira 45,000 ba. Duk wanda ya zo neman shawarata, abin da zan ce masa ke nan: kar ka yi filashin.

Daga can na wuce wurin mai shago. Da farko cewa ya yi netwok ne, in ƙara haƙuri. Da na ƙi tafiya ya kira wanda yake saro kayan a wurinsa a Legas, ya buɗe murya ina ji. A nan gaskiya ta fito. Wanda ya shigo da akwatunan izinin shekara 1 ya saya musu a dunƙule, kuma kwanakin sun fara tafiya tun kafin kayan su iso Kano. Nawa wata 4 ne suka rage masa ranar da na saya. In ina so a sake buɗe shi, sai in tura naira 20,000. Na tambaya, in na tura, baɗi kuma fa? Aka yi shiru.

Ina so a fahimce ni da kyau, ba kulle na'ura daga nesa nake yaƙa ba. Akwai inda yake da amfani ƙwarai. Tun 2013 Apple ya sa kullen da ke hana ɓarawo amfani da iPhone ɗin da ya sata, Google ma ya kawo irinsa a Android a 2015, kuma duk wanda aka taɓa zare wa waya a tasha ya san darajar wannan. Masu ba da waya ko sola a biya kaɗan-kaɗan suna kulle kayansu in aka yi jinkirin biya, amma mai karɓa ya san da haka tun ranar da ya sa hannu. Wanda ya taɓa riƙe dikodar DStv ko GOtv ya san E16, alamar nan da ke fitowa a allo. Da ka gan ta ka san kuɗinka ne ya ƙare, ka san lambar katinka, ka san inda za ka biya, ka bar dikodar a kunne saƙon buɗewa ya sauko. Kana iya ƙorafi a kan tsada, kuma jama'a suna yi, amma ba wanda ya ce maka kyauta ne. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ba ni haya a ce mini saye ne. Tun muna makarantar allo da ta Islamiyya aka karantar da mu cewa ɓoye aibin kaya algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa in ya gano. Da, aibi abu ne da ido zai gani: ka buɗe bakin rago, ka zura hannu cikin buhun masara, ka buga tukunya ka ji ƙararta. Wannan sabon aibin ko ka kwance akwatin gunduwa-gunduwa ba za ka gan shi ba, domin yana can a rubuce a kwamfutar wani. Mai saye ba shi da abin dogaro sai bakin mai sayarwa. Shi ya sa nake ganin nauyin da ke kan ɗan kasuwar yau ya fi na kakansa. Cewa "ni ma haka aka faɗa mini" ba ta wanke shi. In ba ka san wanda ke riƙe da mukullin kayanka ba, ka ce ba ka sani ba, in ga ko zan saya.

Mu masu saye ma akwai namu. Ya kamata a ce na tsaya na tambayi kaina, ta yaya tashoshin ƙwallo da na finafinan da wasu ke biya wa dubbai duk wata za su zo mini da biya ɗaya? Da yawa daga irin waɗannan akwatunan ba da yardar masu tashoshin suke watsa su ba, shi ya sa babu ofis, babu lambar kira, kuma ranar da aka rufe tushen kowa zai ga baƙin allo lokaci guda. Cinikin biri a sama na yi. Rasit ma ban karɓa ba, kuma wannan ne ya fi karya ni. Muna da dokar kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a 2019, da hukumar FCCPC da ke karɓar ƙorafi, amma da wace shaida zan je? Kwali ne kawai a hannuna, ko sunan kamfani na kirki babu a jikinsa.

Shugaban layin kasuwar ne ya raba mu, wani dattijo. Ya saurare ni, ya saurari mai shago, sannan ya yi masa tambaya ɗaya: "Ka ce masa sau ɗaya ake biya, ko ba ka ce ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce ya ce. Dattijon ya yanke cewa ya karɓi akwatinsa ya mayar mini da naira 30,000, tunda na mori wata 4. Na karɓa. Kafin in fita na roƙe shi abu ɗaya: "Alhaji, don Allah ku sa duk mai sayar da irin wannan ya riƙa rubutawa a rasit: ranar da izinin zai ƙare, nawa ake sabuntawa, da wanda za a kira." Ya ce zai kai maganar taronsu.

Da kuɗin na kira mai dish ya hau kwano, ya canza wayar da rana ta cinye, ya gyara saiti. Tashar Harami dama kyauta take a tauraron ɗan'adam, ba kati, ba data, ba mai tambayar lambarka. Kwana 5 Baba ya rasa. A dare na 8 ya dawo daga magariba ya tarar liman yana tsakiyar karatu, ya zauna a kan dardumarsa, ya ce wa ƙanina ya ƙaro murya.