Kwalarar Landan ta 1854 ba ta tabbatar da homiyofati ba

Yana damuna yadda ake yawan kafa hujja da annobar kwalara da ta auka wa Landan a 1854, wai ita ce shaidar cewa homiyofati, wato salon warkarwa da ake ba majiyyaci maganin da aka tsarma sosai, na warkarwa. Masu wannan ra'ayi suna da abin kamawa: a asibitin homiyofati da likita Frederic Quin ya kafa a 1849, masu mutuwa ba su kai na sauran asibitoci yawa ba.

Sai dai a duba abin da likitocin zamanin ke yi wa mai kwalara. Mutum na fama da amai da gudawa, ruwan jikinsa na ƙarewa, sai a tsaga masa jijiya a zubar da jini, a ɗura masa maganin mekuri, wato zaiba, mai ƙara zawo. Sau da yawa wannan ne ke ƙarasa shi. Magungunan homiyofati kuwa yawanci tsarma su ake yi, kashi ɗaya cikin ɗari, a maimaita har sau 30, har babu sauran asalin maganin. Ba su ƙara wa majiyyaci wahala ba, jinya da hutu suka samu damar aiki.

A 2010 kwamitin kimiyya na majalisar dokokin Birtaniya ya duba shaidu, ya ce tasirin homiyofati bai wuce na ƙwayar da babu magani a cikinta ba.