A Ingila mai shago ake tuhuma, a Katsina yaron ake yi wa aski

A garin da nake zaune a Ingila, 'yan sanda da jami'an ƙaramar hukuma masu kula da ciniki suna da wata dabara. Sai su samu yaro ɗan shekara 15 ko 16, da yardar iyayensa, su ba shi kuɗi ya shiga shago ya ɗauko kwalbar giya. Jami'i cikin farin kaya yana gefe kamar mai duba farashin biskit. Ba a yi wa yaron shigar da za ta ƙara masa shekaru. In mai shago ya ce "ina katinka?" ya hana shi, ya tsallake. In ya karɓi kuɗi ya miƙa kwalba, shi ke nan ya faɗa.

Dokar lasisi ta 2003 ta haramta sayar wa wanda bai kai 18 ba. Wanda ke kan kanta yana iya shan tarar fam 90 nan take. Shagon da aka kama sau biyu cikin wata uku kuwa, ana iya dakatar da lasisinsa na sayar da giya har tsawon wata uku. Shi ya sa za ka ga takarda manne a bakin kanta: duk wanda fuskarsa ba ta nuna ya haura 25 ba, sai ya nuna shaida. Kada wani ya ɗauka tsoron Allah ne, tsoron rasa lasisi ne tsagwaronsa. Kuma yaransu ba waliyyai ba ne, ana ganinsu da gwangwanaye a filayen shaƙatawa.

Na san mutanen gida za su ce, mu ina ruwanmu da giya? Katsina ta ƙaddamar da Shari'a tun 2000, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'adua, ga Hisbah. Haka ne, da wuya ɗan aji uku na sakandare ya saɓo kwalbar giya ya bi ta Ƙofar Ƙaura da rana tsaka. Amma abin da ke gusar wa yaranmu hankali ba ya wari. Yana cikin kwalbar maganin tari da ƙwayar taramol, da gwangwanin sholisho a wajen mai faci. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken BBC ya tona asirin cinikin. Ƙididdigar da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ta ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda.

Abin da ke ci mini rai shi ne wanda muke kamawa. A yi samame bayan gari, a kwaso samari, a aske musu kai, a ɗauki hoto a watsa a Facebook an kama ƙauraye. Mai kemis ɗin da ya sayar musu kuwa yana nan a kan bencinsa, da asuba ma a sahun gaba yake. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, na kama dillalai, ban musa ba, amma ɗan ƙaramin shagon cikin lungu, inda yaro ke fara saye da naira ɗari biyu, wa ke gwada shi?

Sannan akwai maganar da ke buɗe kowace kanta a wurinmu: "Baba ne ya aiko ni." Yaro ɗan shekara tara ya zo gaban mai tebur, kuɗi a dunƙule a hannu, ya ce a ba shi kara biyu. Mai tebur ya zaro, ya naɗe a 'yar takarda, har ya ce "ka gaishe shi." Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da 18, ta ma hana sayar da sigari kara-kara, amma tambayi masu tebur goma ka ji ko ɗaya ya san da ita. A Ingila aike ba hujja ba ne, babban da ya sayo wa yaro giya ma laifi ya yi. Mu manya mu muka koya wa yara hanyar shagon, ran da ɗayansu ya je don kansa ba wanda zai bambance.

Masu cewa ba mu da katin shaidar shekaru, ban karɓi uzurin ba. Baturen kanta bai san yaron ba, dole ya nemi kati. Mai kemis a Rafin Daɗi ya san yaron, ya san ubansa, watakila ma ya ci naman sunansa.

Tsorona guda ne in an ɗauko dabarar gwajin: kada ta koma hanyar na goro, a tura yaro, a kama mai shago, a sasanta a bayan mota. Don haka kada a bar wa 'yan sanda su kaɗai. Hukumar da ke ba masu kemis lasisi, PCN, ta shiga ciki, da Hisbah da mai unguwa, a rubuta sakamakon kowane gwaji. Wanda aka kama sau biyu a garƙame shagon wata uku, a liƙa dalilin a jikin ƙofar yadda duk mai wucewa masallaci zai karanta.